Mijina mai feshi ne, hannunsa na rawa, Hajiya ta ce iska ce

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana da na garinmu. Shekararmu tara da aure da maigidana, yaranmu uku, yanzu haka ina da cikin wata huɗu. Sana'arsa feshi ce, da damina ana ɗaukarsa feshin ciyawa a gonakin shinkafa da masara, da rani tumatir da albasa da tattasai, in kaka ta yi kuma a kira shi sito ya yi wa wake magani. Da ita muke ci muke sha, ba shi da wata. To tun bara na ga ya canza. Kullum ciwon kai, barci sai ya raba dare yana juyi, in ya ɗauki kofin shayi hannunsa rawa yake har shayin ya zuba, a sallah sai ya rasa raka'a nawa ya yi, kuɗi zai ajiye ya manta ya ce ni na ɗauka. Mutumin da ko tsawa bai iya ba, satin da ya wuce ya mari yaronmu ɗan shekara shida don ya ɓarar da ruwa, daga baya ya shige ɗaki na jiyo shi yana kuka. Bara ya taɓa faɗuwa a gona yana amai, yawu na dalala, gumi ya jiƙa shi sharkaf, abokan aikinsa suka ɗura masa madara da manja, aka yi masa ƙarin ruwa a kemis, kwana biyu ya koma aiki. Hajiyarsa ta ce iska ce ya taka a fadama ko kuma sammu aka yi masa, mun kashe kuɗi sosai a hayaƙi da turare ba sauƙi. Wasu a unguwa har sun fara cewa ƙwaya yake sha, ni dai ban taɓa gani ba. Famfon feshin da ragowar magunguna a bayan ƙofar ɗakinmu suke kwana saboda ɓarayi, ni nake wanke masa kayan aiki, da dare kuma muna yayyafa piya-piya saboda sauro. Na ce masa ko maganin ne, ya ce abokansa sun fi shi daɗewa a aikin ba abin da ya same su, kuma in ya bari me za mu ci. Yayata ta ce in taho gida tun bai illata ni ba. Anti wai maganin feshi zai iya taɓa wa mutum ƙwaƙwalwa? Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba maigida lafiya ya sauke ki lafiya. Bari in fara da amsar da kika fi buƙata: eh, maganin feshi yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma abin da kika lissafo ya yi kama da haka ƙwarai da gaske. Ba zan iya zama daga nan in yanke cewa shi ne kaɗai ke damunsa ba, wannan sai likita ya duba shi ya yi gwaji, amma hankalinki bai kai ki wurin banza ba, kuma a cikin duk waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu a kan ciwon nan ke ce kika fi kusa da hanya.

Faɗuwar nan ta bara ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Amai, yawu yana zuba, gumi sharkaf, ana tsaka da feshi, wannan kusan hoton gubar wani rukunin magungunan ƙwari ne da likitoci ke kira oganofosfet, cikinsu akwai wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, wato abin da ke cikin Sniper da mafi yawan piya-piyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe, akwai kuma kulofirifos da daimetowet da ake yawan fesa wa kayan lambu. Kin san yadda suke kashe ƙwaro? Ta jijiya suke bi. A jikin ƙwaro da jikin mutum duk hanya ɗaya ce, in jijiya za ta aika saƙo ga tsoka ko ga wata jijiyar sai ta saki wani sinadari, saƙo na isa sai wani sinadarin daban ya zo ya share na farko don wurin ya huta. To maganin feshin nan mai sharewar yake kamawa ya ɗaure shi, sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa, kamar hon ɗin mota da ya maƙale. Shi ya sa za ki ga yawu da hawaye da gumi suna zuba, ciki na murɗawa, naman jiki na motsi da kansa, baƙin ido ya tsuke ya koma ɗan mitsitsi, in abin ya yi yawa ƙirji ya cika da majina numfashi ya gagara, kuma ta nan ne yake kisa. Ƙwaro ƙarami ne shi ya sa yake mutuwa nan take, mutum babba ne sai abin ya riƙa cinsa a hankali.

Kuma ga inda matsalar mai feshin haya take. Wannan sinadari mai sharewa in aka ɗaure shi ba ya dawowa a kwana ɗaya ko biyu, jiki sai ya ɗauki makonni, wani lokaci har wata biyu zuwa uku, kafin ya mayar da shi yadda yake. Manomin da ke fesa gonarsa sau biyu ko uku a shekara yana samun hutu a tsakani, amma maigidanki yau yana gonar wannan gobe yana ta wancan, damina da rani da kaka, jikinsa bai gama biyan na jiya ba an ƙara masa na yau. Kwana biyun da ya yi ya koma aiki bayan ya faɗi, wallahi da saura sosai a jikinsa a lokacin. Binciken da aka yi a kan ma'aikatan gona a ƙasashe da dama ya nuna cewa waɗanda suka taɓa kamuwa da gubar nan mai tsanani, ko suka daɗe suna hulɗa da ita, sun fi sauran mutane fama da mantuwa, rashin tattara hankali wuri ɗaya, ciwon kai, rashin barci, saurin fushi da ƙuncin rai. Ki duba wasiƙarki ki gani, kusan duk kin ambace su ba tare da kin sani ba.

Maganar da ya yi cewa abokansa sun fi shi daɗewa ba abin da ya same su, ina gane ta, amma ba hujja ba ce. Jikin mutane ya bambanta wajen narkar da gubar, irin maganin da kowa ke fesawa ya bambanta, wani famfonsa na yoyo wani nasa ba ya yi, wani kuma yana da irin ciwon yana ɓoyewa don kar a daina ba shi aiki. Mutane da yawa sun ɗauka sai an sha ko an shaƙa sannan magani ke shiga jiki, alhali ga mai feshi fata ce babbar ƙofa. Ki tuna yadda yake dawowa gida, bayan rigarsa a jiƙe daga kafaɗa har ƙugu saboda murfin famfon na tsiyaya, ƙafar wando a jiƙe don ya ratsa cikin ganyen da ya fesa, ga rana ga gumi, fatar da ta yi gumi kuwa ta fi tsotsar magani, musamman goshi da wuya da tsakanin cinyoyi. Ga lokacin haɗi, da zai buɗe kwalba ya tsiyaya a murfi da hannu ba safa, maganin bai ga ruwa ba tukuna, nan ne ya fi ƙarfi. Ga bakin famfo in ya toshe a sa a baki a hura. Ga goro ko rake da ake ci ba a wanke hannu ba. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne a ido amma su ne ke taruwa.

Game da rawar hannu ina so in yi miki magana tsakani da Allah ba tare da na tsorata ki ba. Gubar da na faɗa tana sa karkarwa, kuma irin wannan sau da yawa tana raguwa in mutum ya nisanci maganin. Akwai kuma wata cuta ta daban da ake kira Fakinson, mai sa rawar jiki da nauyin motsi, wadda aka gano tana da alaƙa da daɗewa cikin magungunan gona, musamman maganin ciyawa farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, mai ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, Faransa kuma a 2012 ta sa Fakinson cikin cututtukan da ake biyan manomi diyya a kansu in ya daɗe yana aiki da magungunan feshi. Amma rawar Fakinson galibi tana bayyana ne in hannu na ajiye ba ya komai, tana farawa a gefe ɗaya, tafiya ta zama gajeren taku, fuska ta daskare. Ke kuma kin ce nasa sai ya ɗauki kofi, wanda ya fi kama da wani abin daban. Kar ki ɗora wa kanki wannan sunan tukuna, likitan jijiya ne zai bambance. Kuma akwai wasu abubuwan da ke kawo rawar hannu da saurin fushi da rashin barci waɗanda ba ruwansu da feshi, kamar ciwon maƙoshi da ake kira tayirod, sukari, yawan goro da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari, har da ƙwayoyi irin su tiramol. Tunda kin ce ba ki taɓa gani ba to kar ki bi maganar unguwa ki zarge shi, ki bar wa likita ya tambaye shi su biyu a ɗaki, ya fi sauƙin faɗar gaskiya a can in ma akwai.

Yanzu abin da za ki fara yi, tun yau kafin ma a shawo kan kowa, shi ne abin da ke hannunki. Famfon nan da kwalaben nan su bar ɗakin kwana. DDVP magani ne mai tashi ya bi iska, ko an rufe kwalba ragowar da ke jikin famfo da tiyo tana fita, ku shida har da na ciki kuna shaƙa har asuba. A nemi akwatin ƙarfe ko tsohon duro mai murfi a sa kwaɗo, a ajiye a zaure ko wani lungu nesa da kicin da randa da inda yara ke wasa, in tsoron ɓarayi ne a ɗaure da sarƙa. Piya-piya kuma ki yi sallama da ita gaba ɗaya. Maganin da ke cikinta an yi shi ne don gona, ba don ɗakin da jariri zai kwana ba, NAFDAC ma tun 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna, duk da dai har yanzu ana samu. Gidan sauro ya ishe ku, in kin je awo ki tambaya, a wurare da yawa kyauta ake ba masu ciki. Wankin kayan aikinsa ki sauke shi daga kanki har ki haihu ki yaye, shi ya wanke abinsa da sabulu a bokiti na daban, zai fi kyau ma a can gona, ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo gida ya ɗauki yaro. In dole ta sa sai ke, to da safar hannu ta roba mai tsawo, kar ki haɗa da kayan yara, ruwan wankin kuma a zubar a rami nesa da rijiya. Jarka ko gorar da aka taɓa zuba magani kar a sake zuba ruwa ko mai a ciki ko an wanke sau goma.

Na matsa a kan wannan ne saboda cikinki da yaran. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ta ƙaramin yaro tana kan ginuwa, abin da babba zai iya ɗauka su yana iya bar musu tabo. Bincike a kan matan da suka haɗu da kulofirifos suna da ciki ya nuna raguwar kaifin fahimta da jinkirin girma a wasu daga cikin yaran, yana daga dalilan da suka sa Turai ta hana shi a 2020. Ban faɗa don ki kwana kina kuka ba, yawancin yaran da aka haifa a gidajen masu feshi lafiyarsu ƙalau, kuma duk ranar da kika rage haɗuwa da maganin riba ce ga na cikinki. Ki dai gaya wa ma'aikaciyar awo sana'ar mijinki da yadda kuke kwana da kayan, ta rubuta a katinki.

Sai asibiti. Ba kemis ba ƙanwata, ƙarin ruwa ba ya warware gubar jijiya. Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku, ku nemi ganin likita, in ya ga da buƙata zai tura ku wurin likitan jijiya a asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Kar ku je hannu rabbana, ki ɗauki hoton kowace kwalba da yake amfani da ita a waya, gaba da baya inda aka rubuta sunan sinadarin, domin sunan kasuwa yana da yawa amma likita abin da ke ciki yake so ya sani. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya yi feshi, me ya fesa, a fili ne ko a sito, da yadda ya kwana a daren, ko na sati biyu kika tara zai yi wa likita amfani, kuma shi kansa maigidan in ya ga a rubuce cewa ranakun da ya fi shan wuya su ne ranakun da ya fi feshi, zai fi yarda da takarda a kan bakinki. Ku ba da labarin faɗuwar bara dalla-dalla, yawun da gumin da aman. Akwai gwajin jini da ke auna sinadarin nan mai sharewa, ana kiransa kolinestares, ba kowane asibiti ke yi ba amma ku tambaya. A auna masa hawan jini da sukari da maƙoshi duk a tafiya ɗaya.

In kuma Allah ya kiyaye ya sake faɗuwa, ki gaya wa abokan aikinsa tun yanzu cewa madara da manja ba sa kashe guba, ɗura wa mutumin da hankalinsa ya gushe abu a baki ma yana iya sarƙe shi ya wuce huhu, kuma kar a sa masa yatsa ya yi amai. A janye shi daga gonar, a cire kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar a nufi asibiti da shi. Akwai allurar da ake yi wa wannan gubar, atirofin, tana busar da majinar ƙirji ta buɗe numfashi, amma ma'aikacin asibiti ne ke yin ta yana lura da bugun zuciya. Kuma ko ya farfaɗo kar a yi saurin cewa ya wuce, wani lokaci bayan kwana ɗaya zuwa huɗu sai wuya ya saki mutum ya kasa ɗaga kai daga matashi numfashi ya yi rauni, wasu magungunan kuma bayan sati biyu ko uku sai ƙafa ta fara mutuwa tana ja. Duk wanda kika gani a cikin waɗannan, asibiti a ranar.

To mu zo kan tambayarsa, me za mu ci. Kar ki raina ta, ita ce gaskiyar da ta tsaya masa a wuya. Namijin da ke ciyar da gida da ƙarfin jikinsa, ya ga hannunsa na rawa kansa na mantuwa, tsoro yake ji, kuma ina kyautata zaton wani ɓangare na fushin nan tsoron ne. In kika ce masa ka bar feshi, abin da zai ji shi ne ka zauna ka kasa ciyar da iyalinka, shi ya sa zai toshe kunne. Ki canza abin da kike roƙo. Ki nemi ya ba jikinsa hutun sati shida zuwa takwas a gani, in ciwon kai da barci da rawar suka yi sauƙi to an gane bakin zaren, in ba su yi ba an rage zato ɗaya likita ya duba wani wurin. A cikin hutun akwai ban ruwa, akwai dashe, akwai tsinkar tumatir da lodin kwando, manoman da suka san shi shekara da shekaru ba za su rasa aikin ba shi ba. Famfon ma zai iya bayar da shi haya, sai dai kar a ɗauko wani ƙaramin yaro a goya masa ba kariya, an mayar da ciwon gidan wasu ke nan. Kuɗin da ke tafiya a hayaƙi da turare in aka tsayar da su za su toshe wani gurbin.

In ya koma aikin bayan likita ya yarda, kar ya koma yadda ya bari. Aikin sito shi nake so ya fara ajiyewa har abada, rufaffen wuri ba iska ya fi kowanne haɗari, ko DDVP ne ko ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu mai fitar da iskar guba. Dama zuba wa wake DDVP shi ya jawo Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015, kuma akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da magani ba, in ya koyi yadda ake ɗaure shi da kyau shi ma abin neman kuɗi ne a wurin masu ajiya. A gona kuma ya gyara yoyon famfo ya canza robar murfi, ya sa riga mai dogon hannu da wando da takalmin roba mai tsawo da safar hannu ta roba da tabarau, ya ɗaura leda mai kauri a baya tsakaninsa da famfon. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci in ya jiƙe da magani ya zama abin shaƙa, takunkumi mai matata shi ne na aikin. Ya yi feshi da sassafe ko da yamma lis, kar ya fesa iska na dawo masa da shi fuska, kar ya haɗa magani uku huɗu a famfo ɗaya don mai gona ya ce yana so ya yi ƙarfi, kar ya wuce ma'aunin da aka rubuta. A ƙasan takardar kwalba akwai layi mai launi, ja shi ne mafi guba, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, in akwai zaɓi ya guji mai ja, malamin gona zai iya nuna masa wanda zai yi aikin da ƙarancin haɗari. Na san zafi ne ke hana su sa kayan nan, amma feshin safe kafin rana ta ɗaga yana rage wannan uzurin. Kuma ya sa kuɗin kayan kariya a cikin ladan aikinsa, mai gonar da ke son tumatir ɗinsa ya tsira ya kamata ya ɗauki wani kaso.

Hajiya kuwa, dan Allah kar ki ja da ita. Uwa ce ta ga ɗanta na lalacewa a gabanta, ta kama abin da ta sani, kuma mutum ya faɗi a fadama yana kumfa yana karkarwa, kowa a garin iska zai ce. In kika ce mata ba iska ba ce, kin zama matar ɗa mai ƙaryata uwar miji, sai maganar ta tashi daga lafiyarsa ta koma kanki. Ki je ki gaishe ta ki zauna, ki ce Hajiya addu'arki muke buƙata kar ki fasa, a ci gaba da karanta masa Alƙur'ani da azkar, amma ina neman izininki a haɗa da asibiti, tunda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Ki tambaye ta ko ta lura cewa ranar da ya faɗi feshi yake yi, ki bar ta ta haɗa da kanta. In ita ta ce masa ka je asibiti, an gama, ba zai tsallake maganarta ba. Abu ɗaya da zan so a tsayar shi ne hayaƙin da ake turara masa a rufe da bargo, ƙirjin da ya daɗe yana shaƙar magani ba ya buƙatar ƙarin hayaƙi. In kin ga maganar ta fi ƙarfinki ki bi ta wurin yayansa ko amininsa ko limamin unguwa, wanda yake jin nauyinsa, kuma ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba lokacin da ya shigo da famfo a baya ba.

Marin yaron nan ban wuce shi ba. Ciwo yana iya bayyana dalilin da ya sa ya yi, amma bai mayar da shi daidai ba, kuma kukan da ya yi ya nuna shi ma ya san haka. Ki same shi cikin natsuwa ki ce na san ba halinka ba ne, shi ya sa nake so a duba ka, ku yi yarjejeniya cewa in ya ji kansa ya ɗau zafi ya fita waje ya zauna har ya sauka, ke kuma ki janye yaran daga gabansa a irin lokacin. Yaron ma ya ji daga bakin babansa cewa ba laifinsa ba ne, ɗan shekara shida yana riƙe abu. Yayarki tsoro take ji miki kuma tana da gaskiyarta, amma a yadda kika bayyana ban ga dalilin yaji yanzu ba, tafiyarki za ta bar shi shi kaɗai a ɗaki da kwalaben. Sai dai ki sa wa kanki iyaka tun yanzu ki kuma gaya wa yayarki da wani babba a danginsa: in ya ɗaga miki hannu ke da ciki, ko ya sake dukan yaro dukan da ya wuce hankali, ki kwashe yaran ku je gida da sanin manya har sai ya fara magani, wannan kare rai ne, ba wanda zai ce kin yi laifi.

Akwai abu na ƙarshe da nake so ki sa wa kunne. Mutumin da ke cikin ƙuncin rai, ba ya barci, yana ganin ya gaza, kuma guba na kusa da hannunsa, ba a barinsa haka. In kin ji ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ya mutu ku huta, ko ya fara raba kayansa yana barin wasiyya ba dalili, kar ki ɗauka magana ce kawai, ki gaya wa ɗan uwansa a ranar, makullin akwatin maganin ya koma hannun wani, kuma a faɗa wa likita wannan ma, domin ƙuncin rai ciwo ne da ake ba da magani a kansa kamar hawan jini. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita, ki haɗo da sunayen da ke jikin kwalaben da abin da kika tara a littafin, sai mu duba wanne ya kamata ya fara ajiyewa.